Yini guda a Kudi Chin: yadda za ka zaga tsohuwar unguwar Bankok, ka ci abincinta, ka yi salla a masallatanta

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Bankok sari ko jinya, zirga-zirgarsu ba ta wuce kasuwar Pratunam da lungunan unguwar Nana. Daga masauki sai kasuwa, daga kasuwa sai wurin masu tura kaya, da dare a ci shinkafa a gidan abincin Larabawa ko na 'yan Afirka, a kwanta. Sai mutum ya dawo gida yana cewa abincin Tailan duk alade ne, garin kuma ba komai cikinsa sai dogayen benaye da cunkoson motoci. Mai faɗin haka bai tsallaka kogi ba. A gaɓar yamma ta kogin Chao Phraya, a ɓangaren da ake kira Thonburi, akwai unguwar Kudi Chin, wadda ta girmi babbar fadar sarki da ake ta kai baƙi. Cikin tafiyar ƙafa da ba ta kai kilomita uku ba za ka wuce haikalin mabiya Buddha, da cocin zuriyar Turawan Fotugal, da ɗakin bautar Sinawa, da masallatai biyu da suka haura shekara ɗari biyu ana kiran salla a cikinsu. Abincin da duniya ke kira na gargajiyar Tailan, wani kaso mai kauri daga cikinsa daga tukwanen waɗannan mutanen ya fito, kuma Musulmi na da rabonsu a ciki tun fil'azal.

Yadda aka yi suka haɗu a wuri ɗaya ba shi da wuyar fahimta. A 1767 sojojin Bama, wato Myanmar ta yau, suka ƙone Ayutthaya, tsohon babban birnin ƙasar. Wani janar mai suna Taksin ya tattara waɗanda suka tsira, ya gangaro kudu, ya kafa sabuwar hedikwata a Thonburi, ya yanka wa kowace al'umma fili kusa da fadarsa. A 1782 Sarki Rama na Ɗaya ya mayar da gadon sarauta ɗaya tsallaken kogin, birni ya bi shi da gine-gine da hayaniya, aka bar wannan gefen da gidajensa na katako da lungunansa. Shi ya sa har yau akwai abin gani.

Zaɓen rana da shirin fita

Idan kana da zaɓi, ka sa ranar Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci ne masu abinci ke yawaita a unguwannin Musulmi, kuma a ranar ce za ka ga jama'ar unguwa a tare, manya da yara. Asabar da Lahadi ma ba laifi, shagunan kek da na shayi duk a buɗe suke. Litinin ce kawai ban ba ka shawara ba: ƙaramin gidan tarihin unguwar ba ya buɗewa, masu tallar bakin titi da yawa kuma a Bankok ranar suke hutu.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne iska ta fi daɗi. Maris zuwa Mayu zafi ne mai gumi, ba busasshen zafin da ka saba da shi ba, riga kan jiƙe tun kafin hantsi. Daga wajen Yuni zuwa Oktoba damina ce, ruwan ya fi sauka da yamma, don haka ka tafi da lema. Bankok kusan layi ɗaya take da Damagaram ta fuskar nisa daga tsakiyar duniya, saboda haka tsawon yini da lokacin faɗuwar rana ba za su zame maka baƙi ba, sai dai agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa shida.

Kayanmu na gida sun wadatar: doguwar riga da wando, mace kuma da hijabinta, babu wurin ibadar da zai tsayar da ku saboda sutura. Takalmi kuwa ka sa wanda ake cirewa da sauƙi, domin za ka yi ta cirewa. Ka canza kuɗi zuwa ƙananan takardu na baht 20 da 50 da 100. Tsohuwa mai kek ba za ta iya fasa maka 1000 ba. Ka riƙe kwafin fasfo, da gorar ruwa, ka kuma karya kumallo kafin ka fito, saboda rabin farko na hanyar nan ba na abincin Musulmi ba ne.

Yadda za ka isa

Jirgin ƙarƙashin ƙasa, layin shuɗi na MRT, ya fi komai sauƙi. Daga Nana ka hau jirgin sama-da-titi na BTS tasha ɗaya zuwa Asok, ka sauko ka shiga tashar Sukhumvit ta MRT, ka hau wanda ya nufi Lak Song. Tasha ta tara ita ce Sanam Chai, nan za ka sauka. Daga Pratunam kuwa ka hau jirgin filin jirgi a Ratchaprarop zuwa Makkasan, ka taka zuwa tashar Phetchaburi, ka bi layin shuɗin ta wannan fuskar dai. Idan tasi ka fi so, ka ce wa direba Pak Khlong Talat, kasuwar da ke kusa da tashar Sanam Chai, ka tabbata ya kunna mita. Daga baht 35 take farawa. Duk mai tuk-tuk, wato a-daidaita-sahunsu, da ya tare ka ya ce wurin da za ka a rufe yake yau, amma zai kai ka wani da ya fi shi a farashi mai rahusa, ka yi masa godiya ka wuce. Shagon zinari ko na tela zai kai ka, inda ake ba shi la'ada.

Ka yi ƙoƙari ƙarfe takwas da rabi ta same ka a Sanam Chai. Fita kaɗan za ka yi ka faɗa Pak Khlong Talat, kasuwar furanni, wadda ba ta rufewa dare da rana. Ka ratsa ta cikinta, ka ga mata suna shirya furen yasmin a zare, ka sayi yankakken abarba ko gwanda, amma kada ta cinye maka safiya.

Akwai ƙaramin jirgin fito da kan ɗauki mutane daga wannan bakin zuwa mashigar haikalin Wat Kalayanamit da ke ɗaya tsallaken, sai dai ba kullum yake aiki a kan kari ba. Ni na fi son a tsallaka da ƙafa ta gadar Saphan Phut, koriyar gadar ƙarfe da aka buɗe a 1932, lokacin da gidan sarautar Chakri, wanda Rama na Ɗaya ya kafa, ya cika shekara 150. Tana da hanyar masu tafiya a ƙasa a gefe. Ka tsaya a tsakiyarta ka dubi hannun dama: farar hasumiya mai tsini, da jar ƙubbar coci, da wani ƙaton rufi da ya ɗara duk na kusa da shi, a jere a bakin ruwa. Taswirar yininka ke nan, kuma a wannan jerin za ka bi su.

Zangon farko: Wat Prayurawongsawat

Kana sauka daga gada za ka same shi. Haikalin mabiya Buddha ne, mutanen gari Wat Prayoon suke ce masa. An fara gina shi a 1828, farar hasumiyarsa ta kai kimanin mita 60, kuma gyaran da aka yi mata ya samu lambar yabo ta UNESCO a 2013. A harabar akwai wani ɗan dutse na gini da tafki kewaye da shi, cike da kunkuru da yara ke ba wa ayaba a tsinke.

Abin da ya sa na ce ka tsaya a nan shi ne wanda ya gina shi. Dit Bunnag babban basarake ne, ɗansa kuma shi ya riƙe wa Sarki Chulalongkorn mulki daga 1868 zuwa 1873 lokacin yana yaro. Gidan Bunnag kuwa salsalarsu Shehu Ahmad ne, wani attajiri Bafarishe da ya zo Ayutthaya a farkon ƙarni na 17, ya samu muƙami a fada, ya zama farkon wanda aka naɗa Chularajmontri, wato shugaban Musulmin ƙasa, sarautar da har yanzu ake naɗawa. Daga baya wani reshe na zuriyarsa ya koma addinin Buddha, wani ya zauna a Musulunci. Ka riƙe wannan labarin, zai yi maka amfani idan an zo maganar miya.

Batun shiga irin waɗannan wuraren, kowa ya san inda zuciyarsa ta tsaya. Babu mai tilasta maka rusunawa ko kunna turare, kuma daga tsakar gida ma za ka ga ginin sosai. Idan ka shiga, ka cire takalmi, ka sassauta murya, kada ka zauna ka miƙe ƙafa tana fuskantar mutum-mutumin Buddha ko wani mutum, domin a wurinsu ƙafa ce mafi ƙasƙanci a jiki, kai kuma mafi daraja. Saboda haka ma kada ka shafa kan yaron wani, ko da don wasa. Mace ba ta taɓa sufayensu masu rawayar riga, ba ta kuma miƙa musu abu hannu da hannu.

Zango na biyu: cocin Santa Cruz da lungunan kek

Daga haikalin ka bi hanyar bakin kogi idan a buɗe take, in ba haka ba ka bi ta cikin lungu, ƙubbar cocin za ta yi maka jagora. Turawan Fotugal sun fara zuwa Ayutthaya a 1511, su ne Turawan farko da suka ƙulla hulɗa da ƙasar. Suka zauna, suka auri 'yan gari, jikokinsu suka taimaki Taksin a yaƙi, shi kuma ya saka musu da wannan filin. An gina cocin farko da katako a 1770. Wanda kake gani yanzu an kammala shi a 1916, aikin magina Italiyawa. Galibi a rufe yake sai lokacin ibada, to amma ba cikinsa ya kawo ka ba. Lungunan da ke bayansa su ne unguwar.

A nan sai ka rage sauri. Lungunan ba su fi faɗin mutum biyu ba, ƙofofi a buɗe, shanya a igiya, tsoho na kallon talabijin, wata na jajjage a turmi. Ka tuna yadda za ka ji idan baƙo ya shigo lungunku na cikin birnin Kano ko Katsina ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton cikin zaurenku ba sallama. To haka su ma. Ka gaisa: namiji ya ce "sawatdi khrap", mace ta ce "sawatdi kha". Ka nuna waya ka nemi izini kafin hoto. Idan ɗan acaɓa ya taho, ka raɓe jikin bango.

Hancinka ne zai kai ka ga abin da unguwar ta yi suna da shi, wato khanom farang Kudi Chin, wani ɗan kek da bai fi tafin hannun yaro ba. Gidaje ƙalilan ne suka rage suna yin sa, kowanne ya gada ne daga kakanni, kuma wanda aka fi sani shi ne Thanusingha. Kayan haɗin uku ne: ƙwai, da fulawa, da sukari. Ba yis, ba hodar kumburi, ba man shanu. Ƙwan ake bugawa a yi ta bugu har ya yi kumfa, iskar da ta shiga ita ke tayar da shi. Sai a zuba a ƙananan gwangwanaye, a gasa da wuta sama da ƙasa, yadda aka saba tun zamanin gawayi. Babban ana barbaɗa masa zabibi da busasshen 'ya'yan itace da sukari, wannan ƙarin kuwa daga maƙwabtansu Sinawa ya zo. Wajensa na da ƙaras-ƙaras, cikinsa da taushi, kuma ya ɗan bushe, don haka da shayi yake tafiya. Ka saye shi da ɗuminsa ka ci nan take. Na tsaraba a leda shi ma yana da daɗi, amma bai kai na bakin murhu ba. Idan kana son kore shakka game da man da aka shafa wa gwangwanin, ka tambaya: "nam man mu?" ma'ana ko kitsen alade ne.

Kek ɗin nan ɗan dangi ne. Kafin cuɗanya da Fotugal, kayan zaƙin Tailan na shinkafa ne da kwakwa da sukarin giginya. Zuba ƙwai a ciki, ana danganta yaɗuwarsa ga Maria Guyomar de Pinha, mace mai jinin Fotugal da Japan da ta yi aiki a madafar fadar Ayutthaya bayan an kashe mijinta, Constantine Phaulkon, a juyin mulkin 1688. Idan ka ga wasu zarurruka rawaya jawur a faranti, foi thong ke nan: gwaiduwar ƙwan agwagwa ake tsiyayawa ta ƙaramar huda cikin tafasasshen ruwan sukari. Thong yip ana naɗe shi kamar fure, thong yot kuma ɗigo-ɗigo ne. Saboda launinsu na zinariya ba a bikin aure babu su. Zaƙinsu ya yi yawa, biyu ko uku sun ishe ka. Barkonon da ake tsoron abincin Tailan saboda shi, shi ma jiragen Fotugal ne suka kawo shi daga nahiyar Amurka.

A ɗaya daga cikin lungunan akwai Baan Kudichin, gidan wani iyali da suka mayar gidan tarihi: tsoffin hotuna, kayan girki, taswirar unguwar Turawa a Ayutthaya. Ka hau har rufin, daga nan za ka ga unguwar baki ɗaya. A shagon shayin da ke ƙasa ka tsaya a kan shayi ko kofi, domin burodin da suke alfahari da shi, sappayak, da naman alade ake cusa shi. Haka nan gidajen abincin wannan ɓangaren: suna da wata shahararriyar taliyar shinkafa da miyar niƙaƙƙiyar kaza, amma kazar ba yankan Musulmi ba ce, tukwanen kuma ɗaya ne da na sauran girkinsu. Ka bar cikinka da sauran wuri, nama yana gaba.

Zango na uku, a gurguje

Ka koma bakin ruwa ka ci gaba. Za ka wuce wani tsohon gidan katako mai sassaƙa kamar leshi da ya fara karkacewa, sannan Kian Un Keng, ɗakin bautar Sinawa 'yan ƙabilar Hokkien. Sassaƙar ƙofofinsa ta isa a tsaya a kalla. Ba a ɗaukar hoto a ciki. Gaba kaɗan sai Wat Kalayanamit, mai ƙaton rufin nan da ka hango daga gada. Wani attajiri mai jinin Sinawa ya gina shi a 1825 ya ba Sarki Rama na Uku. Mutum-mutumin da ke ciki a zaune yake amma ya haura mita 15. Sinawan Tailan Sam Po Kong suke kiransa, sunan da suke girmama Zheng He da shi, jagoran jiragen ruwan Sin na ƙarni na 15, wanda shi kansa a gidan Musulmi aka haife shi. Minti ashirin ya isa a nan. Ka duba agogo.

Azahar a masallacin Bang Luang

Musulmin Tailan mafi yawansu Shafi'awa ne, kuma a farkon lokaci suke salla. Azahar a Bankok tana shiga tsakanin sha biyu da sha biyu da rabi, Juma'a ma a nan kusa take. Wanda ya jira ƙarfe biyu irin na gida zai tarar an watse.

Daga bayan Wat Kalayanamit ka fito titin Arun Amarin, ka tsallaka, ka shiga lungun da ya bi gefen mashigin ruwan Khlong Bangkok Yai. Idan ka rikice ka ce wa kowa "matsayit Bang Luang" ko "Kudi Khao". Za ka san ka iso tun kafin ka ga ginin: hula da ɗankwali za su fara bayyana, da rubutun Larabci a saman ƙofofi.

Kada ka nemi ƙubba ko doguwar hasumiya. Masallacin fari ne fat, da koren rufi mai tudu irin na haikalin ƙasar, har wanda bai sani ba zai wuce shi. Tun zamanin Rama na Ɗaya yake, wato ƙarshen ƙarni na 18, kuma shi ake nunawa a matsayin masallacin da aka gina shi kacokan da salon ginin Tailan. Ginshiƙansa talatin ne, adadin juzu'an Alƙur'ani, tagogi da ƙofa kuma goma sha uku, adadin rukunan salla a mazhabarsu. Mihrabin an yi masa ado da sassaƙar ganye da furanni da ruwan zinariya, da ayoyi a tsakani. Waɗanda suka gina shi ba su ga wani saɓani tsakanin zama 'yan ƙasa da zama Musulmi ba, kuma wannan ne ya sa nake ganin ko da wuri ɗaya tak za ka iya zuwa a unguwar, to nan ne.

Alƙibla a Bankok yamma take, ta ɗan karkata arewa, don haka kada jiki ya juya ka gabas. Za ka ji liman ya bayyana bisimilla a sallolin bayyane, za ka ga ana ɗaga hannu wajen ruku'u, bayan sallama kuma a zauna zikiri da addu'a tare. Ka bi liman kawai. Gaisuwa sallama ce, a yi musabaha, a kai hannu ƙirji. Ka fara da dattawa. Idan ka iya Larabci ko kaɗan ne ka gwada shi, a irin waɗannan masallatai ba a rasa wanda ya yi karatu a Masar ko Madina. Idan ba lokacin salla ba ne ka tarar a kulle, ka yi sallama a gidan da ke kusa, ka nemi a buɗe maka. Akwatin sadaka yana nan, kada ka fita ba ka sa wani abu ba. Jama'ar unguwa ce ke ɗauke da nauyin ginin.

Abincin rana

Bayan salla, ka tambayi wanda ke kusa da kai inda ake sayar da abinci, shi ya fi kowace taswirar waya sani. Alamar da za ka nema ita ce jinjirin wata da tauraro a jikin rumfa, ko tambarin halal na Majalisar Musulunci ta ƙasar, kalmar Larabci a cikin murabba'i mai tsaye a kan kusurwa.

Idan ka samu kaeng matsaman, da ita za ka fara. Miya ce mai kauri ta madarar kwakwa, da naman sa ko kaza, da dankalin Turawa, da albasa, da gyaɗa. Sauran miyar Tailan da ɗanyen ganye da saiwa ake ƙamsasa su, ita kuwa da busassun kayan ƙamshi na fatake: kirfa, kanumfari, gyaɗar ƙamshi, waɗanda jiragen Farisa da Indiya da Malaya suka shigo da su. Da yawa daga masana abinci suna danganta ta da fadar Ayutthaya ta zamanin su Shehu Ahmad. Ta shiga gidan sarauta har Sarki Rama na Biyu ya yabe ta a waƙa. Tsamiya da sukarin giginya ne ke daidaita ta, ba ta da yaji sosai, kuma mai kyau ita ce wadda naman ya dahu har cokali na yanka shi, jan mai ya taso a sama.

Khao mok kai ya fi sauƙin samu: shinkafa da aka dafa tare da kaza da kurkum, a watsa soyayyar albasa, a ba ka wani koren romo mai tsami da zaƙi da na'ana'a. Kada ka juye shi gaba ɗaya, ɗiba-ɗiba ake yi. Ka haɗa da sup hang wua, farfesun wutsiyar sa mai lemun tsami da tumatir da ɗanyen barkono. Wannan kam yana da yaji, idan ba ka so ka ce "mai phet". Akwai mataba, wainar fulawa da aka cusa wa niƙaƙƙen nama da ƙwai aka soya, ana ci da kokwamba a ruwan tsami. Akwai tsirensu da suke kira sate, da romon gyaɗa. Irin wannan abincin ba a cin sa da tsinken cin abinci irin na Sinawa: cokali a dama, cokali mai yatsu a hagu yana tura abinci cikin cokalin.

Kalmomi kaɗan za su tsare ka a sauran kwanakinka a garin. "Mu" alade, "kai" kaza, "nuea" naman sa, "pla" kifi, "kung" jatan lande. "Mai kin mu", ba na cin alade. Amma ka sani wannan jimlar ba ta isa ba a rumfar wanda ba Musulmi ba, domin romon taliya galibi da ƙashin alade ake dafa shi ko da kifi ne a sama, kuma niƙaƙƙen namansa yana ɓuya a wainar ƙwai da soyayyen ganye. Abin da ba shi da matsala a ko'ina shi ne 'ya'yan itace, da ruwan kwakwa, da khanom khrok na garin shinkafa da madarar kwakwa da ake toyawa a tanda, da shinkafa mai danƙo da mangwaro, wadda ta fi daɗi daga Maris zuwa Mayu. "Thao rai" nawa ne, "khop khun" na gode. Abincin rumfa ba a tayawa, yadda aka faɗa haka ake biya.

La'asar a Tonson, sannan komawa

Ka koma titin Arun Amarin ka hau gadar da ta tsallaka Khlong Bangkok Yai. Wannan ruwan da kake gani kamar ƙaramin mashigi shi ne ainihin hanyar kogin a da. A ƙarni na 16 aka haƙa gajeriyar hanya don jirage, ruwa ya bi ta ya faɗaɗa ta har ta zama babban kogin da ka tsallako da safe. Shi ya sa tsoffin unguwannin suke a nan gefen.

Kana sauka daga gadar za ka ga masallacin Tonson, wanda ake ɗauka mafi daɗewa a Bankok. Asalinsa ya koma ƙarshen ƙarni na 17, zamanin Sarki Narai, tun birnin bai zama hedikwata ba. Ginin yanzu na tsakiyar ƙarni na 20 ne, da ƙubba irin wadda ka sani, amma sun adana tsohon mumbari da mihrabi na katako. Ka nemi izini ka shiga maƙabartar da ke harabar. A nan aka binne shugabannin Musulmi da dama masu sarautar Chularajmontri, da jarumawan da suka yi yaƙi a rundunar sarakunan farko na birnin. Ka yi musu addu'a, ka huta a inuwa, la'asar na shiga wajen uku da rabi.

Daga Tonson zuwa tashar Itsaraphap ta layin shuɗi tafiyar kamar kwata ce a ƙafa. Idan ƙafa ta gaji, 'yan acaɓa masu rigar ruwan lemo suna bakin lungu. Ka ji kuɗin kafin ka hau. Ka shiga jirgin da ya nufi Hua Lamphong da Sukhumvit, kuma ka yi ƙoƙarin shiga kafin biyar, lokacin da ma'aikata ke tasowa. Idan ƙarfe shida ta same ka a tasha ko wani dandali ka ji an sa taken ƙasa, ka tsaya cak kamar kowa har a gama. Maganar sarki da iyalinsa kuwa kada ka sa baki ko da an ja ka da hira, domin dokarsu tana ɗaure mutum shekara 3 zuwa 15 a kan ɓatanci gare su, kuma ba ta ware baƙo ba. Ko takardar kuɗi iska ta ɗauke maka, da hannu za ka kama ta, kada ka take, hoton sarki ne a jiki. Idan wata matsala ta taso, lambar 'yan sandan da ke kula da baƙi ita ce 1155.